HAIHUWA: KYAUTA CE KO SAUTU?

Gabatarwa

 Tun farko ya kamata mai karatu ya sani cewa ni ba likita ba ne, ba kuma malamin fiƙihu ba. Malamin makarantar sakandare ne ni, alli da allo su ne sana'ata yau shekara ashirin da 'yan kai. Abin da ya sa na tsoma baki cikin wannan magana mai nauyi shi ne wata tambaya da aka yi mini a bakin gadon asibiti, wadda ta daɗe tana hana ni sukuni.

Ni da maiɗakina duk jininmu AS ne. Lokacin da muka yi aure babu wanda ya ce mana mu je a gwada mu, mu ma kuma ba mu san ana yi ba. Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu, ta biyunsu ita ce ta zo da sikila, wato amosanin jini. Duk wanda ya taɓa renon mai wannan ciwo ya san hunturu ba lokacin barci ba ne ga iyaye. Wani dare cikin sanyin bara ciwon ya tashi, muka kwashe ta sai asibiti. Bayan an yi mata allura an ɗaura mata ruwa, zafin ya ɗan lafa, sai ta dube ni ta ce, "Baba, da a ce kun yi gwaji kun sani, da ba za ku haife ni ba ko?"

Na yi shiru, na gyara mata bargo, na ce ta yi barci. Daga baya ne na fahimci cewa tambayar da yarinyar nan ta yi mini ita ce masana kimiyya da malaman addini da masu dokoki suke ta kai-kawo a kanta a duniya: ina iyakar ikon iyaye a kan ɗan da ba a haifa ba tukuna?

Hanyoyi uku

Kafin a yi hukunci sai an san abin da ake magana a kansa. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan'adam akwai ƙwayoyin gado, rabi daga uba rabi daga uwa, su ne ke ɗauke da kamanni da launi da wasu cututtuka. Sikila tana cikin waɗannan. Wani likita a Shikago ta Amurka mai suna James Herrick shi ne ya fara bayyana ta a rubuce cikin 1910, bayan an ga jajayen ƙwayoyin jinin wani ɗalibi sun lanƙwashe kamar lauje. Mai AS yana ɗauke da ƙwayar guda ɗaya, lafiyarsa ƙalau. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A aji nakan kwatanta wa ɗalibai da jefa kwabo biyu sama: kowace jifa sabuwa ce, ba ruwanta da wadda ta gabata. Saboda haka ana iya haifar huɗu babu mai ciwon, ana kuma iya haifar huɗu dukkansu da shi. An ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da wannan ƙwaya, kuma ana haifar jarirai wajen 150,000 da ciwon kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa.

Hanya ta farko ta kauce wa irin wannan ita ce gwaji kafin aure. Saudiyya ta wajabta shi cikin 2004, jihar Kano ma ta yi dokarsa cikin 2024.

Hanya ta biyu ita ce zaɓen ƙwai. Tun da aka haifi Louise Brown a Ingila cikin 1978, wadda ita ce jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a wajen mahaifa sannan aka dasa, likitoci suka sami damar ganin ƙwai kafin ya zama ciki. Cikin 1990, a asibitin Hammersmith da ke Landan, aka fara haifar jariran da sai da aka ciri ƙwayar halitta daga ƙwansu aka bincika kafin a dasa. A yau ma'aurata AS da AS suna iya haɗa ƙwai da yawa, a gwada kowanne, a ɗauki wanda ba SS ba. Ana yin wannan aiki a wasu asibitocin kuɗi a Legas da Abuja, a kan miliyoyin naira.

Hanya ta uku ita ce gyaran ƙwayar gado ita kanta. Cikin 2012 wasu mata biyu masana, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, suka bayyana wata dabara da ake kira CRISPR, wadda take aiki kamar almakashi, ta yanke daidai wurin da ake so a sauya. Sun sami kyautar Nobel saboda haka cikin 2020.

Abin da na yarda da shi

Akwai masu cewa duk wannan shisshigi ne cikin ikon Allah, wanda aka ƙaddara za a haifa da ciwo ba makawa sai an haife shi. Ina girmama masu wannan magana, domin da yawansu tsoron Allah ne ya sa suke faɗar ta. To amma ban ga sun ƙi sa wa 'ya'yansu gidan sauro ba, ban kuma ga sun ƙi haƙa rijiya don ruwan sama ƙaddara ne ba. Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani. Kuma ai binciken asali kafin aure ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sukan aika a binciko ko akwai kuturta ko farfaɗiya ko taɓin hankali a gidan da za a nemi aure. Su da jita-jita suka yi nasu binciken, har sukan zalunci gidajen da ba su ji ba ba su gani ba, mu kuwa an ba mu hanyar da ta fi tabbas.

Mu tuna da matan da ake cewa suna wabi, su haifa su binne, su haifa su binne, har a riƙa sa wa jariri suna Ajuji ko Ayashe ko Barmani don ko mutuwa ta ƙyale shi. Mai yiwuwa ne ƙwarai wasu daga cikin yaran nan sikila ce ta kashe su, aka ɗora wa iska ko maita ko baƙin jinin uwa. Ilimin da ya cire wa mace wannan zargi, ya kuma rage yawan ƙananan kaburbura, ni ina ganin rahama ne. Saboda haka ba na jin kunyar cewa ina goyon bayan gwaji kafin aure, kuma duk ɗalibin da ya gama makaranta a hannuna sai na ce masa ya san jininsa tun kafin zuciyarsa ta kamu.

Haka nan ba ni da ja a kan gyaran da ake yi wa mai ciwo don ya warke. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ake ciro ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin mai sikila, a gyara su da almakashin nan, a mayar masa. Mai ciwon yana raye, an tambaye shi ya yarda, kuma gyaran a jikinsa kaɗai yake tsayawa, ba ya bin zuriyarsa. Wannan magani ne kamar kowane magani. Illarsa a wurin irinmu ita ce farashin da aka sa masa a Amurka, dala miliyan 2 da dubu 200 ga mutum ɗaya.

Inda na fara ɗari-ɗari

Zaɓen ƙwai shi ne ya dawo da ni kan tambayar 'yata. Mai karatu ya lura da wani abu da sau da yawa ake tsallakewa: idan aka zaɓi ƙwai mai lafiya aka bar mai SS, ba a warkar da kowa ba. Wani mutum ne daban aka kawo a madadin wani. Da ni da uwarta mun bi wannan hanya, da ba wannan yarinya ce za mu samu babu ciwo ba. Wata ce dabam, mai wata murya da wani hali, ita kuwa wannan da take cinye gasar kacici-kacici a makarantarsu, take kuma yi wa ƙannenta kitso ranar Juma'a, da babu ita sam.

Wannan bai isa ya sa in ce zaɓen haramun ne ba. Wanda ba a halitta ba ba a zalunce shi ba, kuma iyayen da suka binne 'ya'ya biyu ko uku suka ce ba za su iya sake gani ba, ba ni da bakin da zan zarge su. Malamai da yawa sun halatta dashen ƙwai tsakanin miji da matarsa muddin auren yana nan, sun kuma yi bayani a kan ƙwan da bai shiga mahaifa ba. Wannan fagensu ne, mai bukata ya je ya tambaye su. Abin da ke damuna ni shi ne irin kallon da jama'a za su koma yi wa masu ciwon da suke raye. Tun yanzu ma mun fara gani. Akwai samarin da jininsu AA ne amma da sun ji yarinya SS ce sai su gudu, alhali idan AA ya auri SS 'ya'yansu AS za su kasance, babu mai sikila ko ɗaya. Akwai gidajen da suke ɗaukar AS kansa a matsayin abin kunya, har ta kai wasu suna sayen takardar gwaji ta ƙarya. Gwajin da aka kawo don a rage wahala, idan ba a haɗa shi da ilimi ba, sai ya zama sabon tambarin da ake manna wa mutane a goshi.

Tarihi ya nuna mana inda irin wannan kallo yake kai al'umma. A ƙarshen ƙarni na 19 wani Bature mai suna Francis Galton ya kawo ra'ayin cewa a inganta irin ɗan'adam kamar yadda ake inganta irin dabbobi. Ra'ayin ya karɓu a wurin masu ilimin zamanin. Cikin 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a yi wa wata budurwa mai suna Carrie Buck aikin da zai hana ta haihuwa har abada, wai ita da uwarta da 'yarta duk masu ƙarancin hankali ne. 'Yar tata kuwa, da ta shiga makaranta, sai da sunanta ya fito cikin jerin ɗalibai masu ƙoƙari kafin ta rasu tana da shekara 8. Sama da mutum 60,000 aka yi wa wannan aiki a Amurka. Jamus ta Hitler ta yi tata dokar cikin 1933, ta yi wa kimanin mutum 400,000. Waɗanda suka yi wannan aika-aika likitoci ne da alƙalai, kuma sun yi imani alheri suke yi wa jama'a.

Wani zai ce ai waccan gwamnati ce ta tilasta, yanzu kuwa iyaye ne suke zaɓa da kansu. Gaskiya ne akwai bambanci. To amma mu duba abin da ya faru da iyaye suka sami na'urar da ke nuna jinsin abin da ke cikin ciki. A Indiya zubar da cikin 'ya'ya mata ya yi yawan da sai da aka yi doka cikin 1994 aka hana likita faɗa wa iyaye mace ce ko namiji. A ƙasar Sin ƙidayar 2010 ta nuna ana haifar maza wajen 118 a kan kowace mace 100, alhali a ɗabi'a bai wuce 105 ko kusa da haka ba. Babu sojan da ya tsaya a kan iyayen nan da bindiga. Kowane gida ya yi zaɓinsa ne a ɓoye, gwargwadon abin da maƙwabta da surukai suke ɗauka da daraja, aka wayi gari miliyoyin samari babu matan aure. Larabawan jahiliyya da hannu suke binne 'ya'yansu mata, addini ya zo ya hana. Mu ma kada mu yi saurin wanke kanmu, domin mun san gidajen da ake guɗa sau uku idan namiji ne, a yi tsit idan mace ce, mun kuma san matan da aka yi wa kishiya don ba su haifi magaji ba.

Inda na tsaya cak

Cikin Nuwamban 2018 wani masani ɗan ƙasar Sin mai suna He Jiankui ya sanar da duniya cewa an haifi tagwaye mata waɗanda ya taɓa ƙwayoyin gadonsu tun suna ƙwai. Ubansu yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, shi kuma ya ce ya lalata wata ƙwayar gado da cutar take bi ta shiga jiki. Yaran ba su da ciwon komai, kuma akwai sanannun hanyoyin da ake bi uba mai cutar ya haihu ba tare da ya shafa wa ɗansa ba. Gyaran ma bai fita yadda ya tsara ba. A ƙarshen 2019 kotu ta ɗaure shi shekara uku. Ya gama zaman gidan yarinsa ya fito cikin 2022, su kuwa yaran za su ɗauki abin da ya yi musu har ƙarshen rayuwarsu, mai yiwuwa su gadar wa 'ya'yansu, kuma ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba.

A nan ma sikila tana da darasin da za ta koya mana. Cikin 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, bayan binciken da ya yi a gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashenmu. Abin da yake kwantar da 'yata a asibiti shi ne, da yardar Allah, ya taimaka wa kakanninta suka tsallake damina bayan damina. Idan ƙwaya ɗaya da aka fi shekara ɗari ana nazarinta tana da fuska biyu haka, ina ga tsawo da basira, waɗanda dubban ƙwayoyi ne suke haɗuwa da abinci da tarbiyya da makaranta kafin su fito? Duk da haka akwai kamfanoni a Amurka da suke karɓar kuɗin iyaye suna jera musu ƙwai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, wai ga wanda zai fi tsawo, ga wanda zai fi kai.

Ko da a ce wata rana dabarar ta ƙware babu kuskure, ni dai ba zan yarda da wannan ba, kuma dalilina daga aji na samo shi. Na ga yaran da ubanninsu suka yanke musu tun suna firamare cewa likita za su zama. Na ga yadda yaro mai hannun zane ko mai kan lissafin kasuwa yake tsumewa a kujera kamar kazar da ruwa ya doka, yana ganin kansa asara ne don bai zama abin da aka sa rai ba. To wannan uba fata kawai ya yi. Yaya wanda ya biya miliyoyi aka zaɓo masa ƙwai mai basira zai dubi ɗansa ranar da ya zo na talatin a aji? Mai ba da sautu, idan aka kawo masa abin da ba shi ya ce ba, yana da bakin yin ƙorafi. Wanda aka yi wa kyauta kuwa hannu biyu yake sawa ya karɓa. Ba banza ba Hausawa suke sa wa ɗa suna Kyauta. Har Tanko da ya zo bayan mata, da Delu da ta zo bayan maza, sunayensu suna nuna iyaye sun jira ne suka ga abin da aka ba su.

Za a ce ai iyaye kullum cikin zaɓa wa 'ya'ya suke, su zaɓa musu makaranta da abinci da abokai. Haka ne. Amma tarbiyya da yaron da yake gabanka ake yin ta, yana iya turjewa, yana iya girma ya ɗauki wata hanya, kai ma kana iya gane kuskurenka ka gyara. Abin da aka rubuta a jininsa tun kafin ya zo ba shi da kotun da zai ɗaukaka ƙara.

Namu laifin, mu marubuta

Kada mu ɗauka wannan magana ta Turawa da Sinawa ce kawai. A ɗauko littattafan soyayya goma daga cikin waɗanda muke rubutawa, a duba yadda ake siffanta tauraruwar labari: fara sol, doguwa, mai dogon hanci, mai gashi har gadon baya, sau da yawa ma sai an ce uwarta Balarabiya ce ko ruwa biyu. Baƙa gajera kuwa ita ce 'yar aiki ko muguwar kishiya. Mai sikila ko gurgu ko makaho, idan ya shigo labari, don a tausaya masa ne ya mutu a babi na biyar. 'Yan matan da nake koyarwa suna karanta waɗannan littattafai a ƙarƙashin tebur, kuma ina ganin yadda fuskokin wasunsu suke sauya launi daga zango zuwa zango saboda man bilicin. Wadda ta yarda ta ƙona fatarta don ta yi fari, me za ta zaɓa wa 'yarta ranar da aka miƙa mata takarda aka ce ta sa hannu? Likita zai kawo na'ura ne kawai. Jerin abin da za a yi sautu mu ne muke rubuta shi tun yanzu.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa, musamman matasa masu tasowa, mu faɗaɗa irin mutanen da muke ba wa daraja a labaranmu. A rubuta mai sikilar da ta yi karatu ta yi aure ta yi rigima da mijinta kamar kowa. A rubuta saurayi da budurwar da gwaji ya raba, a nuna zafin abin da gaskiya, kada a mayar da shi wa'azi.

Kammalawa

Bayan an sallamo mu da kwana biyu, na kira 'yata na ce ina da bashin amsa. Na ce mata gaskiya ita ce, da mun sani, mai yiwuwa da ni da uwarta ba mu yi aure ba, da kuwa babu ita, babu yayanta, babu ƙannenta. Na ce mata ciwon nan na tsane shi, da ana sayen lafiyarta da gidan da muke ciki da tuni na sayar, amma ko sau ɗaya ban taɓa cewa da ma wata aka ba ni ba ita ba. Ta yi shiru, can ta ce, "To ni dai Baba, duk wanda ya zo sai ya kawo takardar gwaji, kuma tare za mu je a sake." Na ce ta yi daidai.

A taƙaice, matsayina shi ne a nemi ilimi a kauce wa ciwon da aka san zafinsa, a yi wa mai ciwo magani da duk abin da Allah ya hore, amma kada a taɓa jinin zuriyar da ba ta zo ba, kada kuma a mayar da ɗa kayan sautu. Wanda yake da wata fahimta daban, shafukan wannan mujalla a buɗe suke, zan yi murna in karanta. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, amin.